Rasuwar Maijidda a Gangarar Kwatarkwashi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yau ba ta samu wurin sauke shi ba, Malam Hamidu Furfuri, direba a layin Gusau zuwa Tsafe, yana sanar da 'yan uwa da abokan tasha rasuwar motarsa Maijidda, Fijo doguwa mai launin ƙasa. Ta rasu ranar Talata da hantsi a gangarar Kwatarkwashi, ɗauke da fasinja tara, buhun gero biyu da akuya ɗaya. Turbo ne ya kashe ta. Hamidu ne ya sayo shi, shi ya tsaya a kanta aka ɗaura mata, don haka kada kowa ya ɗora wa maye ko mai baki laifi.

Marigayiya ta yi shekara goma sha shida a hannunsa, ba ta taɓa kwana da shi a daji ba. Da safe in ya murɗa makulli takan ce ƙir, ƙir, ƙir, sau uku, ta yi tari guda, ta kama. Ƙofarta ta baya sai an buga sau biyu take yarda, wanda ya buga sau ɗaya to baƙo ne. Ta taɓa fito da mai naƙuda daga Wonaka cikin taɓon Agusta, ranar da babbar mota ma ta kafe. Matan Fulani masu nono ita suke jira ko da akwai wata a gaba, domin ba a taɓa jin ƙwarya ta tuntsure a cikinta ba. Aibinta guda ne, kuma ba za a ɓoye shi don ta mutu ba: ba ta son hawa. In ta ga tudu sai ta bi shi a hankali kamar tsohuwa mai ɗauke da tulu.

Wannan bai dami kowa ba sai da Sahabi ya sayo mota 'yar Kwatano. Sahabi kuwa Hamidu ne ya koya masa riƙon sitiyari. Dokar tasha kowa ya san ta, wanda ya riga isa shi ake fara rubutawa a allo, shi ke fara lodi. Sahabi zai bar Gusau bayan Hamidu da rabin sa'a, ya cim masa a hawan Kwatarkwashi, ya zuro kai ta taga ya ce, "Baba Hamidu, in aiko maka da jaki?" Fasinjojin Hamidu su yi dariya, a cikin motarsa, da kuɗinsu. Sahabi ya yi sawu uku a yini, Hamidu biyu, wata rana ɗaya.

Ana haka wani ɗan kasuwa a Sabon Gari, wanda ba za a ambaci sunansa ba amma ya san kansa, ya nuna wa Hamidu wani ƙarfe mai siffar katantanwa da ake kira turbo a cikin kwali, da bututunsa da ƙusoshinsa. Ya ce daga Turai ya zo, iska yake ɗura wa injin, tsohuwa ta koma budurwa. Kuɗinsa ya yi daidai da shanun huɗa biyu da Hamidu ke da su a Furfuri. Matarsa Shafa'atu ta ce, "Malam, sa ko ya faɗi ana yankawa a ci nama. Wanga abu in ya mutu mi za mu ci?" Ya ce mata mace ba ta san injin ba. Aka kora shanu kasuwa.

Adamu bakanike bai taɓa ɗaura irinsa ba, kuma bai ɓoye ba. Cewa ya yi ƙarfe dai ƙarfe ne, ba ya fin ƙarfin guduma. Akwai takarda a cikin kwalin, amma ba Turancin Ingila ba ne, har sakataren ƙungiyar direbobi ya juya ta ya mayar. Kwana tara Maijidda ta yi a gareji. Aka yanke mata salansa, aka huda mata tukunyar baƙin mai, aka yi walda inda Allah bai nufa da walda ba. Tsofaffin kayan da aka cire Adamu ya sayar.

A gaskiya ta yi gudu. Mako uku ta yi tana abin da ba ta taɓa yi ba ko a ƙuruciyarta. In an taka totur sai ta yi fito, fiiii, in an ɗaga ƙafa ta ce tsss. Ta wuce Sahabi a tsakiyar hawan nan, Hamidu bai ko waiwaya ba, ham ɗaya ya danna. Yana roƙon masu ta'aziyya su tuna da wannan ranar, don ita kaɗai ya samu a madadin shanunsa.

Ciwon ajali ya fara ne daga ci. Wadda galan huɗu ke kai ta Tsafe ta dawo har da saura, sai ga ta tana neman shida, a shekarar da mutum ke kwana biyu a layin gidan mai, ko ya je wa 'yan bumburutu su yanke shi. To kowane direba a hanyar nan ya san dabara. In ka kai kan tudu ka sa firi, ka kashe makulli, mota ta gangara da kanta, a ƙasa ka sa giya ta uku ka saki kuloci ta tashi. Haka maigidan Hamidu ya koya masa, haka ya koya wa Sahabi, haka ya yi shekara goma sha shida lafiya lau. Da cinta ya ƙaru sai ya ƙara. Ya riƙa kashe ta a kowace gangara, har wadda akuya ba za ta kira gangara ba. Ta hau tudu da gudu, ƙarfen ya yi ja don zafi, yana kaiwa sama ya murɗe makulli. Ba wanda ya gaya masa cewa baƙin man da injin ke turowa shi ne ran turbo, kuma in injin ya tsaya mai ya tsaya, shi kuwa yana ci gaba da juyawa a bushe.

Fiton ya koma kuka irin na injin niƙa da ya ci tsakuwa. Hayaƙi shuɗi ya biyo baya, matan nono suka koma motar Sahabi. Hamidu ya je wa Adamu ya ce a cire. Adamu ya ce, "A cire a mai da mi, Malam? Na yanke, na huda. Kayanta na da suna Talatar Mafara cikin motar wani." Ɗan kasuwa kuma aka ce ya tafi Kwatano, bai ce ga ranar dawowa ba. In Hamidu ya ajiye motar gida ba tuwo, gona ba shanu. In ya fito da ita yana jin tana mutuwa a ƙarƙashin ƙafarsa, kuma man da zai kai shi bai isa ba sai ya kashe a gangara. Ya ci gaba da fita.

Ranar Talata, a ƙasan gangara, ya saki kuloci yadda ya saba. Ta ce kwaram, kwaram, kaf. Shi ke nan abin da ta faɗa. Da Adamu ya buɗe sai ya tarar fukafukan ƙarfen sun kakkarye, injin ya haɗiye su, fistin biyu sun fashe, gangar injin ta tsage. Bayan kwana biyar aka samu wani malamin makaranta da ya yi karatu a Jamus ya karanta takardar. A shafin farko ne, da jan rubutu: kada a kashe injin da zafinsa, a bar shi ya yi minti biyu yana aiki a tsaye. Hamidu ya sa an karanta masa sau biyu, ya yi godiya, ya tashi.

Marigayiya ta bar taya huɗu, ba biyu da suka fito gida ɗaya, da safaya wadda ba ta taɓa riƙe iska ba. Ta bar rediyo da kaset ya maƙale a ciki tun bara. Ta bar gona eka shida da Hamidu zai nome da fartanya yana ɗan shekara hamsin da biyu. Ta bar Shafa'atu, wadda tun ranar ba ta ce masa "na gaya maka" ba, ruwan wanka kawai take kai masa, shi kuwa da ta faɗa da ya fi masa sauƙi.

Ba za a yi mata salla ba, ƙarfe ce, Hamidu bai kai ga haka ba tukuna. Ranar Asabar da safe za a ja gawar daga bakin titi zuwa Furfuri da shanun aro, a ajiye ta bayan gida ƙarƙashin ɗorawa. Injin zai tafi wurin 'yan gwangwan a auna shi a sikeli, turbo kuma a bi shi da shi, ba za a raba su ba. Mai zuwa gaisuwa ya zo da addu'a, kada ya zo da shawara.

Za a ci gaba da karɓar gaisuwa a tashar Tsafe da ke Gusau. Ƙa'idar ƙungiya ita ce motar da ta yi kwana arba'in ba ta zo layi ba a goge ta daga allo, kuma shugaba ya ce ba zai karya ta don kowa ba. Hamidu bai roƙa ba. An ba shi aikin kamasho daga ranar Litinin. Duk wanda ke nemansa ya duba bakin ƙofa, zai same shi tsaye yana kiran Tsafe, Tsafe, saura mutum biyu, yana cika wa Sahabi mota.