Shanshanin Malam Ƙamus

Unguwar Takur ta yi dace da Allah Ya ba ta Malam Ɗayyabu, wanda ake kira Ƙamus. Sauran mutane cin abinci kawai suke yi. Shi kuwa ba ya kai loma baki sai ya bayyana inda kalmar tuwo ta samo asali, har matarsa Adawiyya ta gaji da ɗumama miya. Ya taɓa yin wani ɗan kwas a Kano, kuma a cewarsa har yau malaman can ba su gama jimamin tafiyarsa ba.

Abu ɗaya ya rage masa a duniya: shugabancin ƙungiyar ci gaban unguwa. Yana son kujerar nan kamar ransa. Dattawa ke naɗawa, kuma abin da babbansu Alhaji Abdussamad ya faɗa shi ke zama.

Da damina ta yi nisa, shanshani ya addabi gidaje, har ya ciji 'yar wani maƙwabci. Aka kira taro bayan la'asar a ƙofar gidan Alhaji, don a shirya yashe kwata, a kuma naɗa shugaba. Kowa ya zo da shawara. Ƙamus ya zo da kwalba.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, yana gyara tabarau, "kuskuren jama'a shi ne yaƙar abin da ba su san asalin sunansa ba. Bature yana ce masa santifid. Daga harshen Latin ne, wato mai ƙafa ɗari. To amma bincikena ya nuna Bature bai tsaya ya ƙirga ba. Ni yau zan ƙirga, a gaban shaidu."

Ya buɗe kwalbar a kan tabarma, ashe shanshani ne mai rai a ciki, ya ɗauko tsinke. Shanshanin, da yake bai yi kwas ba, bai jira a fara ba. Ya miƙe kai tsaye ya shige babbar rigar Alhaji.

Dattijon nan da sai an kama shi yake tashi, ranar da kansa ya tashi. Hula ta yi gabas. Babbar riga ta fita, 'yar ciki ta bi ta, duk a gaban surukansa biyu da suka rasa inda za su sa idonsu. Ƙamus na biye da shi da tsinke.

"A hankali, Alhaji. In ƙafa ɗaya ta karye, binciken ya lalace."

Wani ya sa takalmi ya kammala binciken.

Alhaji ya zauna daga shi sai singileti, yana haki. Da numfashinsa ya dawo, ya dubi Ƙamus cikin natsuwa.

"Malam Ɗayyabu, a Latin ɗin nan taka, yaya ake cewa tashi ka ba mu wuri?"

Wannan ce tambaya ta farko da wani ya taɓa yi masa a Takur, kuma bai san amsarta ba.