Sadaki a Kan Suri

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren ƙanena Nasiru ba, ranar da na hau suri da babbar riga ina neman sadaki a sama.

Lokacin nan ban daɗe da buɗe shagon sayar da waya a Bodinga ba, kaina kuwa ya cika fam. Duk wanda ya miƙo mini takardar kuɗi sai na yatsine fuska, na ce masa duniya ta ci gaba, ya yi transfa. Har kwali na manna a ƙofa: BA MU KARƁAR TSABA. Wanda ya fi shan tsiyata shi ne Kawu Sahabi, ƙanen mahaifinmu, manomin albasa. Shi kuɗinsa a lalita yake ɗaure su a ƙugu, ƙarƙashin riga. Nakan ce masa, "Kawu, kuɗinka tun daga nesa ake jin warin albasarsu." Shi kuwa sai dai ya ce, "Uhm, wanga yaro ke nan."

Kawu ne wakilin ango. Ana gobe ɗaurin aure ya ba ni sadakin a ambulan ya ce in riƙe, ni ne babban wa. Ni kuma sarkin wayo na wuce wurin mai POS na zuba su a akawun ɗina, ban gaya wa kowa ba. (Gaskiyar magana, so nake in burge ƙauyawa. Har na gwada a madubi yadda zan zaro wayar.)

Washegari muka ɗau babura zuwa wata ruga can bayan Kajiji. Na sha shadda mai sitaci, hula ta zauna daram. Aka shimfiɗa tabarmi, aka ajiye goro da alawa. Liman ya dubi Kawu ya yi tambayar da aka saba:

"Sadaki lakadan ne ko ajalan?"

Kawu ya ɗaga murya gaban shaidu: "Lakadan!" Ya miƙo mini hannu ba tare da ya ko waiwayo ba.

Na zaro waya, na gyara murya. "Baba, a ba ni lambar akawun."

Waliyyin amarya, wani dattijo makiyayi mai farin gemu, ya dube ni sama da ƙasa. "Wane akawu? Mu nan shanu muka kiwo, ba mu da akawu. Mi yac ce, Sahabi?"

Hannun Kawu yana nan a miƙe. Wallahi har yanzu ina ganin hannun nan.

Da ƙyar aka samu yayan amarya mai asusu a banki. Na danna, na danna, ba sabis ko ɗigo. Sai wani ya ce ai duk rugar nan wuri ɗaya ake samunsa, bisa wani suri da ke bayan garke. Ina da zaɓi? Na tattare babbar riga na nufi suri, jama'a suka bi ni da ido. Na hau har ƙololuwa, na ɗaga waya sama kamar mai duban wata.

Maroƙi kuwa abin nema ya samu. Ya buɗe maƙogwaro: "Jama'a a yi haƙuri! An ce lakadan, amma sadaki na bisa suri, yanzu za a sauko da shi!"

Wuri ya ɓarke da dariya, har mata ta bayan zana. Ana cikin haka sabis ya leƙo, na tura da sauri. Kuɗi suka fita daga wurina, ba su isa wurin kowa ba. Daidai nan cinnaku suka gano hanyar wandona. Jama'a, na yi rawa! Rawar da ko a gidan bikin ba a yi irinta ba, hannu ɗaya na sama da waya, ɗaya na dukan cinya, hula ta gangara garke.

Da na dawo ina ɗingishi ba mai dariya a kan tabarma. Dattijon ya ce, "Sahabi, kai kac ce lakadan da bakinka. Abin da ido bai gani ba, hannu bai taɓa ba, ba lakadan ne ba. In ajalan ne ku faɗa, in yi shawara." Nasiru ya sunkuyar da kai, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Nan na ga zan mayar da Kawu maƙaryaci gaban mutane, in kuma ɓata wa ƙanena rana.

Kawu ya gyara zama. Ya ɗaga riga, ya kwance lalita, ya zaro kuɗin albasarsa ya ajiye gaban liman. Warin nan ya bugi hancina, na rantse ban taɓa jin turare mai daɗinsa ba. Aka shafa fatiha.

A hanyar komawa, abin da ya ce mini kawai shi ne, "Wanga yaro, ya cinnaku?"

Kwalin nan tun daren ranar na yage shi. Yanzu in na ji mai shago na ce wa tsoho ba ya karɓar tsaba, ni nake fara tayar da jijiyar wuya, in ce kuɗi kuɗi ne, a bar kowa ya biya da abin da ke hannunsa. Har lalita na saya, tana nan a ƙuguna. Sunan ne dai ya ƙi barina: daga Bodinga har Shagari, ba sunan da ake kirana da shi sai Ajalan.