Yadda Za Ka Yi Ta Sauya Hitar Gidanka Ba Tare Da Ka Sauya Ta Ba

Idan hitar banɗakinka ta mutu, iyali kuma sun fara yi maka wani irin kallo, kwantar da hankalinka. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan za ka cinye lokacin sanyi cur ba ka buga ko ƙusa ba, kuma ana yi maka kallon mutum mai tsari. Ban ƙirƙiri komai ba. A wurin maƙwabcina na koya, wanda muke kira Injiniya tun ranar da ya gyara rimot da mari. Katangarmu ɗaya, tagarsa na kallon tawa, don haka a kan idona aka yi komai.

1. Kada ka yarda ta mutu

Da safe matarka za ta fito da jiƙaƙƙen hannu ta ce, "Baban yara, ruwan nan fa ƙanƙara ne." Kada ka yi rawar jiki. Shiga ka ɗaga kai ka dubi hitar, ka ƙwanƙwasa cikinta, ka kara kunne kamar likita. Ko da jan ruwa na ɗiga daga gindinta yana kwanciya a tayil, faɗi abin da Injiniya ya faɗa: "Hutawa take yi." Kashe makunnin ka kunna. Duk abin da aka kashe aka kunna, a idon iyali an yi masa aiki.

2. Kira masu gyara, amma don hira

Mai gyaran famfo zai zo ya ce cikinta ya ɓule, sai sabuwa. Zai lissafa maka hita, bututun shiga da na fita, ɗan bawul ɗin da ke rage ƙarfin tururi, da ladan aikinsa. Gyaɗa kai. Ba shi ruwa ya sha. Washegari kira mai gyaran wuta, shi kuma zai ce wayar ta yi siriri, hitar zamani sai da layinta ita kaɗai.

Yanzu kai wa kowannensu maganar ɗan'uwansa, ka ƙara mata gishiri. Da Injiniya ya yi haka, sai da mutanen nan biyu suka daina gaisawa. Ya koma ya ce wa matarsa, "Kin gani ko? Su kansu masanan ba su daidaita ba. Ni wane ne da zan yanke hukunci?"

3. Shiga bincike

Bincike ba ya ƙarewa, shi ya sa masu hankali ke son sa. Tara iyali a falo ka tambayi kowa lita nawa yake wanka da ita. Ba wanda ya sani, laifi ya koma kansu. Zaga shaguna, ka ɗauki hoton kowace hita, ka tambayi mai shago ƙasar da aka ƙera ta, ka tsuke baki ka fita. In ka koma ka tarar farashi ya hau, wannan ma hujja ce. "Na gaya miki kasuwar ba ta zauna ba. Mu jira ta sauko."

4. Yi wa'azin ruwan sanyi

Ka ce yana ƙarfafa jini, yana buɗe ƙwaƙwalwa, yana hana lalaci. Faɗa da ƙarfi lokacin da yara ke karkarwa a bakin banɗaki. Kai dai a dafa maka naka, saboda ƙirjinka. Matar Injiniya kullum sai ta ɗora babbar tukunya, ta ɗauko ta da tsumma tun daga kicin, ta ratsa dogon lungun nan, ta juye a bokiti. Shi kuma yana ciki yana kira, "A sirka mini kaɗan, ya yi zafi."

5. In suruka za ta zo, sayi mafi girma

Nan ne ake gane gwani. An yi wa mahaifiyar matar Injiniya aikin gwiwa, likita ya ce ta riƙa wanka da ruwan ɗumi, aka ce gidan 'yarta za ta yi jinya. Matar ta same shi a nutse ta ce, "Baban yara, ni na saba. Amma Inna ba za ta iya ba."

Kada ka sayi daidai da gidanka, wannan aikin talakan tunani ne. Injiniya ya shigo da wata ƙatuwa, irin ta otal, maza huɗu na nishi a ƙarƙashinta. Mai famfo ya dubi hitar, ya dubi bangon banɗakin, ya ce in aka rataya ta aka cika ta da ruwa, da ita da bangon tare za su sauko. Mai gidan haya ya ce ko ƙusa aka ƙara a bangon nan, a nemi wani gida.

Ribar ita ce, yanzu ba mai cewa ba ka saya ba. Aka jingine ta a falo. Inna ta iso da sandarta, ta zagaya ta, ta ce, "Ɗana, wannan firij ɗin naku ba shi da ƙofa?" Daga baya ta shimfiɗa mata ƙyalle, ta jera magungunanta a kai.

6. Ranar da tukunya za ta zube

Wannan matakin ba ya cikin tsari, amma yana zuwa. Yanzu tukunya biyu ake ɗorawa, ta Inna da ta maigida. Wata safiya matar na ɗauke da tukunya, ta taka ruwan da tsohuwar hitar ke ɗigarwa, santsi ya kwashe ta, tafasasshen ruwa ya sauka a bayan ƙafarta. Ba ta yi ihu ba. Ni ƙarar murfin tukunya kawai na ji. A asibiti aka naɗe ƙafar, aka ce kada ta yawaita tsayuwa.

Suna dawowa Injiniya ya fara, "Ai da ma na ce a riƙa goge..." Inna ta ɗago ta dube shi. Bai ƙarasa ba.

7. Kada ka taɓa ɗaukar tukunyar da kanka

A nan malamina ya yi kuskure, kai ka kiyaye. Ba wanda zai dafa wa Inna ruwa, sai ya naɗe hannun riga. Ya gano tukunyar tana da nauyi. Ya gano tururi na cin yatsu ta cikin tsumma, kuma lungun nan ya fi yadda yake zato tsawo. Kafin mako ya zagayo yana tafiya a karkace, hannu a ƙugu.

Ta taga na ji shi a waya da mai famfo: "Don Allah ka zo yau. Eh, matsakaiciya. Eh, da bawul ɗin. Ka taho da mai wutar, ni zan ba shi haƙuri." Aikin da aka ce sai an yi dogon nazari, kafin rana ta karkata an gama shi, har an share ƙurar.

8. Karɓi yabo

Tsaya a ƙofar banɗaki ka buɗe famfo, tururi ya tashi, ka ce, "Kun ga amfanin rashin gaggawa." Haka Injiniya ya faɗa. Matarsa na zaune da ƙafa a kan matashi, ko kallonsa ba ta yi ba. Inna ce ta sa hannu a ruwan, ta jinjina kai.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana," ta ce. "Ashe bayanka ake jira ya yi ciwo. Da mun sani, da tun ranar farko mun miƙa maka tukunyar."

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin bangon da ya faɗi, ƙafar da ta ƙone, bayan da ya riƙe, ko shirun da zai sauka a gidanka. Mai son hita irin ta otal ya zo falon maƙwabcina, a ɗaga ƙyalle ya gani, amma ya jira Inna ta kwashe magungunanta. Wanda kuma ya san Injiniya, don Allah kada ya nuna masa wannan rubutu sai sanyi ya wuce. A duk layinmu gidansa ne kaɗai famfo ke ba da ruwan zafi, kuma ya ce in riƙa zuwa da bokitina.