Rasuwar Mai Dogon Kunne

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da ido mai ƙwalla, Malam Munzali tela na Daura yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar akwatin rediyonsa, wanda aka fi sani da Mai Dogon Kunne. Ya cika ranar Talata da hantsi a kan teburin Kalilu mai gyara, cikinsa a buɗe, yana da shekara goma sha tara.

Marigayin ya rayu cikin mutunci, bai taɓa cin batir fiye da ƙima ba. Tun shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, da wasu majalisun hira suka watse, shi ya tara maza a ƙofar shagon Malam bayan la'asar, har aka kafa ƙungiyar masu farautar tashoshi daga Daura zuwa Zango da Dutsi. Da wayar salula ta shigo, suka kafa ƙa'ida: duk wanda ya kama tasha mai nisa a gajeren zango ya tura saƙo nan take, ga mita, ga ƙarfin murya, kowa ya murɗa nasa kafin ta ɓace. Marigayin ke fara kamowa, da eriyarsa a kan gora. Sai ya yi "shuuu", ya yi "kirrr", sannan wani ya yi gyaran murya daga bayan teku. Malam Munzali ba shi da wata sarauta a duniya sai wannan.

Jinya ta fara bara da damina, lokacin da Malam ya ce muryar Marigayin ta dishe. Ya ƙure masa murya har maƙwabta suka kawo kuka. Ya canza batir, ya ƙara gora, ya shiga marinsa safe da yamma. Uwargidansa Barakatu ta ce, "Malam, ni fa daga madafa nake jin sa." Ya dube ta, ya ce ai ya riga ya ci tuwo.

Saƙonninsa kuwa ba su tsaya ba. Kullum ya kama tasha, abokai su murɗa su ji iska, su ɗora laifi a kan nasu. Ana haka har ranar da ya aika cewa yana jin wata tashar ƙetare garau, ana karanta labarai. Sada na Zango, wanda ya gaji da zama na biyu, ya hau babur ya zo, ya karanta saƙon a gaban majalisa, ya ce, "Jama'a, tashar nan shekararta biyu da rufewa." Aka fashe da dariya. Malam ya ga haƙora a waje, shi ma ya taya su. Sai da Sada ya rubuta masa maganar a takarda.

Washegari ya ɗauki Marigayin zuwa wurin Kalilu. Kalilu ya kunna, ya rantse lafiyarsa lau. Sau uku ana buɗe shi ana rufewa. A na huɗu Malam ya fizge ƙarfen gyara ya tura da kansa, hayaƙi ya tashi. Waɗanda ke wurin sun shaida Marigayin na tsakiyar karanta labaran duniya rai ya yi halinsa.

Ya bar eriya, gora biyu, batir huɗu masu sauran ƙarfi, da rigar yadin da Malam ya ɗinka masa. Ya kuma bar Malam, wanda har yau yake cewa rediyon ne ya ci amanarsa.

Liman ya ce babu sallah a kansa. Za a sa shi cikin kwali a ƙarƙashin teburin Kalilu ranar Alhamis, bayan an cire sifikarsa, wadda aka riga aka yi wa Sada alkawari. Ƙungiya na ba da haƙurin rashin halarta, majalisa ta koma Zango. Za a yi zaman makoki kwana uku a shago. Masu ta'aziyya kada su wahalar da maƙogwaronsu. Su tsaya ta gaban Malam su motsa leɓe, duk abin da suka faɗa zai ce amin.