Ranar da Na Gyara wa Masu Safiyo Alƙibla

Abubuwa da yawa sun shuɗe mini, amma ba zan taɓa mantawa ba da wata azahar a Dutse, a shekarun farko bayan an ba mu jihar Jigawa. Ko yanzu idan na tuna ta sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi, daga baya kuma in yi hamdala.

Kafin nan ina aiki ne a sashen filaye na ƙaramar hukumar Miga. Aikin bai wuce a ja igiya a auna gona ko fegi ba, sai a dawo gindin bishiya a sha fura. A gidan malamai na tashi, da rubutun ajami na buɗe ido, saboda haka hannuna ya iya jan layi mai kyau. A ofishin nan ni ne Malam. Ni ke jan salla, ni ke buɗe taro da addu'a, in an yi gardama a kan ko mene ne ni ake jira in raba. (Har gardamar ƙwallo an taɓa kawo mini, alhali ban taɓa kallon ƙwallo ba, kuma na raba ta.) Gidana yana kusa, gonata tana kusa, babu mai ce mini don me.

Ana nan sai aka nemi masu kyan hannu a ofishin safiyo na Dutse don zanen taswira. Aka ba da ni aro, da sharaɗin in na ga zan iya in zauna, in ban ga haka ba in koma kujerata, tana nan tana jirana.

Tun makon farko na gane na shigo wata duniya. Mutanen nan suna magana da lissafi kamar yadda muke gaisuwa. Sai ka ga mutum ya leƙa na'ura mai ƙafa uku, ya yi ɗan rubutu, ya faɗi nisan dutsen da ke can gaba ba tare da ya taka ba. Babu wanda ya wulaƙanta ni, amma babu wanda ya tambaye ni komai, kuma wannan ya fi ci mini rai. Na shiga neman abin da zan nuna musu cewa ni ma ba a banza na zo ba.

Sai Allah ya nuna mini masallacin ofis. Ba gini ba ne, fili ne aka share a gindin dalbejiya, aka kewaye da duwatsu. Tun ranar da na fara salla a ciki na lura sahun ya karkata hagu, wajen arewa. Mu kuwa abin da muka sani shi ne gabas, inda rana ke fitowa, can ake fuskanta. Na ce a raina, to, ga ilmin boko har wuya, amma ga inda aka bar su a baya.

Ran nan na bar tebur da wuri, na tattare hannun riga, na kwashe duwatsun nan ɗaya bayan ɗaya na sake jera su, suka dubi gabas sak. Na share wurin, na yayyafa ruwa, na zauna ina jan carbi kamar ba ni ba.

Mutane suka fara zuwa da butocinsu. Kowa ya iso sai ya tsaya, ya dubi duwatsu, ya dubi na kusa da shi. Can sai ga shugabanmu, Alhaji Garba, dattijo mai sanyin magana wanda ya yi shekaru yana aikin safiyo tun muna jihar Kano.

Ya ce, “Ikon Allah. Wa ya taɓa mana masallaci?”

Na miƙe na gyara hula. “Ni ne, ranka ya daɗe. Na ga an daɗe ana salla a karkace, na ce bai kamata in yi shiru ba.”

Da na tsaya a nan da da sauƙi. Amma na ga jama'a sun yi tsit, na ɗauka wa'azina ne ke shigarsu. Na kawo bayanin sharuɗɗan salla, na bi da muhimmancin fuskantar alƙibla, sannan na rufe da cewa, “Ba laifinku ba ne. Ina jin wani ne da bai san komai ba ya jera duwatsun tun farko.”

Wani abokin aikinmu, Habu mutumin Taura, wanda bakinsa ba ya ajiye magana, ya saki butarsa ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa.

Alhaji Garba ya ce, “Ni ne wanda bai san komai ɗin ba, Malam.”

Jama'a, na nemi ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi.

Bai yi fushi ba, kuma wannan ya ƙara kashe ni. Ya sa aka ɗauko kamfas da wata ƙwallo mai taswirar duniya a jikinta. Ya ciro zare daga bakin rawaninsa, ya ɗora kai ɗaya a kan ƙasarmu, ɗaya a kan Makka, ya ce in matso in duba da idona. Zaren nan ya tafi gabas, amma ya karkata arewa, daidai yadda duwatsun suke kafin in sa musu hannu. Sannan ya kawo maganar malaman fiƙihu a kan wanda ya yi iya ƙoƙarinsa wajen neman alƙibla, daga littattafan da ni ban ma kai gare su ba. Ashe har a fagen da nake taƙama da shi ya riga ni nisa.

Habu ya share hawaye ya ce, “Allah gafarta Malam, tambaya gare ni. Masallacin ofishinku na Miga, wa ya ɗora shi a kan gabas?”

Na ce, “A tsayar da salla, lokaci yana tafiya.”

“A ina za a tsaya? Ai sai ka mayar mana da duwatsunmu.”

Haka na mayar da su, ina ɗauka Alhaji yana nuna mini wuri da kamfas, ma'aikata suna tsaye da alwalarsu, har mai sayar da rake ta bakin ƙofa ta leƙo tana tambayar ko gini za a fara. Daga ranar sunana ya koma Malam Gabas.

Da Juma'a ta zo na hau mota zuwa Miga da niyyar ba zan dawo ba. Me zai sa mutum ya zauna inda yake na ƙarshe, alhali ga inda yake na farko? Sai dai maganar Habu ta tsaya mini, don kuwa ni na ɗora masallacin can. Na ari kamfas ɗin Alhaji, na ce ko ba komai in gyara abin da na ɓata kafin in zauna.

Ranar Litinin na tara abokan aikina na Miga, na ce alƙiblarmu tana bukatar gyara, a karkata hagu. Na shirya amsar tambayoyi, har na tanadi zare a aljihu. Babu wanda ya tambaya. Suka kama tabarmi suka juya, wani yana cewa, “Ai duk yadda Malam ya ce haka ne.” Wani ya ƙara da cewa, “Mu dai Allah ya bar mana kai.”

Na bar zaren a aljihu. Da na ce su fuskanci kudu, haka za su juya su yi mini addu'a. Na tuna shekarun da na yi ina raba musu gardama, na tambayi kaina sau nawa na karkata babu wanda ya ce mini kanzil. Mutanen kirki ne, suna ƙaunata, amma a cikinsu zan tsufa da kurakuraina ana kiransu fatawa.

Washegari na mayar wa Alhaji Garba kamfas ɗinsa, na ce ina so in zauna in har za su iya da ni. Ya ce, “Mutumin da zai kwashe duwatsu da rana tsaka saboda salla, ai ba a sakinsa. Abu ɗaya ya rage maka, ka riƙa tambaya kafin ka ɗauka.”

A hannunsu na koyi duk abin da na ci abinci da shi har na yi ritaya, kuma ban taɓa zama wanda ya fi kowa sani a ofishin ba, alhamdu lillahi. Allah ya jiƙan Alhaji Garba, ya saka wa Habu da alheri duk da bakinsa. Abin da na riƙe dai shi ne, in ka ga abu a karkace a wurin waɗanda suka fi ka, kafin ka zagi wanda ya ajiye shi, fara dubawa ko yana tsaye a gabanka.