Yadda Na Kaɗe Ramatu da Faransanci

Ko na tsufa na ruɗe, ba zan taɓa mantawa da ranar da neman burgewa ya kusa raba ni da Ramatu ba.

Ramatu 'yar Damagaram ce, ni kuwa Bakano. A nan Greensboro, a ƙasar Turawa, muka haɗu, na mutu a kanta. Mahaifiyarta, Hajiya, ba ta gama yarda da ni ba. Hausarta ta fi tawa, amma takan ɗan yayyafa Faransanci, sai na ce to, ta nan zan shiga. (Faransancin nawa bai wuce “bonjour” ba, shi ma daga bakin Ramatu na tsinta.)

Ranar sunan jikan Hajiya, na tsaya shagon kayan Afirka a Gate City Boulevard, sai ga Ramatu ta zo sayen lemo. Muka gaisa, na wuce. A mota na tambayi wayata yadda ake cewa “na ci karo da ita”. Ta ba ni “percuter”. Na dinga bitarsa kamar hadda.

Da na isa gidan sunan, na tarar da Hajiya a ƙofar falon mata da kwanon dambu a hannu, tana faɗa: “Yarinyar nan ba ta ɗaga telefon, ina ta shiga?”

Na durƙusa, na gyara murya. “Mama, kwantar da hankalinki. J'ai percuté Ramatu.”

Hajiya ta zaro ido.

“Da... da mota?” in ji Hajiya.

Na zaci tambaya take ko da mota na zo. Na washe baki. “Oui, Mama. Sabuwar ma.”

Kwano ya faɗi. Mata suka ɗauki salati. Kawun Ramatu, Tonton Isufu, ya fito daga wajen maza ya shaƙe min wuyan riga. “Tana ina yanzu?”

“Can na bar ta, bakin shago.”

“Ka bar ta? Ka taho cin tuwon suna?”

Wallahi har lokacin murmushi nake, ina jiran yabo. Allah ya taimake ni Ramatu ta turo ƙofa da katan ɗin lemo a kafaɗa, ko ƙwarzane babu. Da ta ji abin da na ce, sai ta zauna a ƙasa tana dariya har da hawaye. Ita ta fahimtar da ni: “percuter” na tirela ne idan ta daki bango, ko mota ta kwashi mutum. Haɗuwa da masoyiya ba ta ciki.

Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa fuskata. Hajiya ta share ido ta dube ni. “Ɗan nan, Hausar da aka haife ka da ita, me ta yi maka?”

Tun daga ranar na gane cewa gaban surukai ba wajen gwajin yare ba ne.

An dai ba ni Ramatu. Amma har yau, in mun zo tafiya daga gidan Hajiya, sai ta rako mu bakin ƙofa, ta zare makullin mota daga hannuna, ta damƙa wa 'yarta.