Ragon Sunan da Na Jira Daga Bature

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar sunan ɗana na fari. Lokacin ana aikin madatsar Bakolori, kuma ban daɗe da barin rumfar hatsin Alhaji Bawa a Talata Mafara ba, na koma riƙe wa wani Bature sandar awon ƙasa. Albashin ya ninka na Alhaji, kaina kuwa ya ninka albashin girma. Ko sallama ta kirki ban yi wa dattijon ba.

A wajenmu, in yaron gida ya samu haihuwa, maigida ke kawo rago. Ba a faɗa, ba a roƙo, kowa ya sani. Don haka da aka haihu na gaya wa Bature, ya girgiza min hannu har kafaɗa ta amsa, ya ce zai zo. Ni a wautata, magana ta ƙare. Na hana baffana sayen rago, na cika ƙauyenmu Dosara da labarin ragon Turawa (har cewa na yi mai yiwuwa a mota za a sauke shi, don ba zai iya tafiya ba saboda ƙiba).

Ranar suna, liman ya zauna, mahauci ya wasa wuƙa, surukaina sun jeru a tabarma. Sai ga motar Bature. Na ruga na leƙa bayanta, wayam. Mutumin ya fito yana fara'a, ya miƙo min damin furanni da gwangwanin biskit.

Surukina ya dubi furannin, ya dube ni. "Wanga shi za a yanka?"

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Ina tsaye rungume da fure kamar amarya, baffana ya ja ni zaure. Ga rago ɗaure, fari sol.

"Alhaji Bawa ya aiko shi tun da sahe," in ji shi. "Ya ce ya san Baturenka bai san hanya ba."

Bature dai ya ci nama ya yaba, bai san an yi komai ba. Ni kuwa da aikin awo ya ƙare, rumfar Alhaji na koma, kuma nan na tsufa. Tun ranar, kafin in kira mutum maigida, sai na bincika ko ya san kuɗin rago. Furannin ma ba su yi asara ba, akuyar baffana ta cinye su.